Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Kwana da kwanaki ke nan ruwa bai ɗauke ba a Madadi. Marka ce sosai, irin wadda zani ba ya bushewa, ashana ba ta kamawa, katangar ƙasa ta jiƙe har mutum ya ji tsoron jingina da ita. Ina zaune a bakin ɗakina ina kallon Rakiya, matar ɗana. Ta hau kan turmi a kusurwar gida, lema a hannu ɗaya, waya a ɗayan ta ɗaga ta sama, don nan kaɗai ne sabis ke kamawa a gidanmu. Ɗanta Abba soja ne, yana can gabas inda ake yaƙin nan da ya ƙi ƙarewa, kuma tun kafin a yi noman maimai wayarsa ba ta shiga.

"Iya, har yanzu a kashe take," in ji ta. "Abba bai taɓa daɗewa haka bai kira ni ba."

Na ce, "Sauko kafin turmin ya kayar da ke. Mijin nawa rowa ce ta motsa masa, ya san in ya kunna waya kuɗin goro zan tambaye shi."

Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. Abba ɗanta ne na fari, amma a gaban kowa take kiransa, a gaban kowa take kukansa, a gaban uban ma. Ban ga laifinta ba, har ma nakan ji ina sha'awar yadda take yi. Ina kallonta sai wata damina ta dawo mini, wadda na yi a cikin gidan nan ina amarya mai goyon fari, lokacin yaƙin basasa, ni da uwar mijina da muke kira Inna.

Mutanen gidan nan asalinsu Fulani ne. Sun daɗe da zama wuri ɗaya, shanun sun ragu, Fulatancin ma ya gudu sai a bakin tsofaffi, amma kunyar ba ta je ko'ina ba. Maigidana shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in ya shigo tsakar gida sai ta sami abin da za ta ɗauko a ɗaki. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a wurinta ya girma. In dole ta kama Inna ta ambace shi, sai ta ce "wancan." Ni kuma a zamaninmu mace ba ta kama sunan mijinta, ko da wasa. Sai ya zamana mu biyun da muka fi kowa kusa da shi, babu mai iya faɗin sunansa. Ni ma ba ta kiran nawa sunan. 'Yar Gammo take ce mini, don daga can ƙasar Kabo aka kawo ni.

Shekarar da ya tafi gyaɗa ba ta yi ba. Ana gama cire ta, shi da abokansa biyu suka shirya tafiya Kano shiga soja. Da safe ya zo ya durƙusa a bayan zanar Inna, ita kuma tana ciki tana kaɗa nono a gora.

Ya ce, "Inna, zan tafi."

Ba ta daina kaɗawa ba. Can ta ce, "Allah ya tsare hanya," kamar da gorar take magana. Ya ɗan jima a durƙushe, ko zai ji wani abu ya biyo baya. Babu abin da ya biyo baya, ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa ya fita. Ni ina da ciki a lokacin, ina leƙe ta ƙofar ɗakina, kuma tun daga ranar na ƙulle Inna a raina.

Na tafi gidanmu goyon ciki, na haihu da sanyi, na gama wankan jego, aka mayar da ni Madadi da bazara. Zafin shekarar ban manta shi ba. Rijiya ta ja baya, kullum sai an ƙara wa guga igiya, abin da za a jawo kuma rabinsa laka. Da rana kaji sukan kwanta a gindin randa baki buɗe. Jaririna duk ƙuraje suka feso masa a wuya. Gidan kuwa ya yi fili: daga Baffa, uban mijina, sai Inna, sai ƙannen mijina mata biyu ƙanana, sai ni da goyona. Namiji mai ƙarfi ɗaya ne a gidan, shi ne kuma ya tafi.

Da ruwan shuka ya sauka, duk muka fita. Baffa na gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige, ƙasa na ƙamshi, kowa ya ɗan saki rai. Gandun gida muka shuka. A gefensa akwai gayaunar maigidana, 'yar gonar da uba kan yanka wa ɗansa ya noma abin kansa. Baffa ya tsaya ya dube ta ya ce bana a bar ta ta huta, hannu bai isa ba. Bayan 'yan kwanaki na bi ta wurin zan je ɗebo ruwa, sai na ga gero ya tsiro a cikinta, layi-layi, ko da yake layin ya ɗan karkace. Na ɗauka Baffa ne ya sake shawara.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Kullum hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Tsiron ya yi yaushi, ganyen ya nannaɗe, wani ya bushe ƙurmus. Maza suka fita roƙon ruwa, tsofaffin mata suka yi sadakar gumba da abin da ba su da shi. Da ruwan ya dawo sai da aka sake shuka rabin gandu, kuma irin da aka sake da shi daga cikin abincinmu aka ɗiba.

Ana shirin noman firi kurkunu ya kama Baffa a ƙafa biyu. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kada ya sa su san shi. Ƙafa ce za ta kumbura ta yi ruwa, ta fashe, wani farin zare ya leƙo, a riƙa naɗe shi a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kullum, in aka ja da ƙarfi ya tsinke kuwa, ciwo ya dawo sabo. Kuma ba ya tashi kama mutum sai lokacin da ciyawa ta taso. Baffa ya kwanta a zaure yana kallon sama, yana jin maƙwabta na wucewa da fartanya a kafaɗa. Yau da mutum zai sayi maganin feshi ya rataya a baya ya kashe ciyawar gona kafin azahar, sai in tuna da shi.

Maƙwabta sun yi mana gayya, Allah ya saka musu. Sun zo da yawa, sun nome gandun cikin yini ɗaya, ana kiɗa ana ihu. Amma 'yan gayya sai an ciyar da su, kuma tuwon da Inna ta tuƙa musu a ranar shi ya kai mu gindin rumbu. Gayauna kuwa ba a yi mata gayya, abin mai ita ne.

Daga nan yunwa ta shigo, a hankali, ba ta yi sallama ba. Da farko tuwon dare ne kawai, da safe a ɗumama abin da ya kwana. Sai tuwon ya koma fate, faten ya koma ruwa-ruwa. Muka shiga tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Har kunun dusa mun sha. Saniya ɗaya ce ake tatsa, nonon kuma ba namu ba ne, Inna ke ɗaukarsa ta kai kasuwar Gwarzo ta auno 'yar dawa a gefen zani. Nonona ni ma ya ja baya, yaron ya kama ya tsotsa ya saki ya yi ta tsala kuka. In an zuba abinci Inna takan tura mini nata ta ce ita ta riga ta taɓa a wurin girki. Ni da nake kusa da murhun na san ba ta taɓa komai ba, amma ina jin yunwa, kuma ina jin haushinta, sai in karɓa in cinye.

Labarin yaƙi kuwa a ƙofar gidan dagaci ake jinsa, shi ke da rediyo. Maza su taru da yamma su saurara, su dawo suna ambaton garuruwan da bakinmu ba ya iya faɗa, da wani kogi da aka ce ba a ganin ƙarshensa. Masu zuwa duba Baffa sukan zauna a zaure su maimaita masa. Na lura duk lokacin da suka zo, aikin Inna yakan koma jikin bangon zaure: nan za ta kai tsintar wake, nan za ta kai gyaran ƙwarya. Amma ba ta taɓa tambayar kowa komai ba.

Ana cikin haka aka aiko wa dagaci cewa ɗaya daga cikin abokan tafiyar maigidana ya rasu. Daga gidanmu muna jin kukan uwarsa. Muka je gaisuwa muka dawo. Na sami Inna a gindin turmi na durƙusa.

Na ce, "Inna, ba za a tura wani ya tambayo ba?"

Ta ce, "Ya tambayo me?"

"Labarinsa."

"Maza na nan, su suka san wannan." Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da dakan kuka.

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Na ce a raina wannan mata dutse aka sa mata a ƙirji. Har na yi niyyar in an yi girbi in aika wa babana ya zo ya tafi da ni, in yaso in jira a gidanmu inda za a taya ni damuwa.

Kullum da sassafe Inna takan ɗauki lauje ta ce za ta yankan ciyawar saniya, ba ta dawowa sai rana ta take, da ɗan ƙunshin ciyawar da bai kai wannan daɗewar ba. Na ga tana ɓoye tafin hannunta in za ta miƙo mini abu. Wata safiya tafasar kusa da gida ta ƙare, na goya yaro na nausa wajen gona nema. Ina zagayowa ta bayan gandu na hango mutum a duƙe a cikin gayauna. Inna ce, ta ɗaure zani a ƙugu, tana noma da fartanyar ɗanta, ƙotar ta yi mata tsawo. Macen da tun tasowarta ba ta san komai ba sai ƙwarya da ludayi, a gidan da mata ba sa noma. Hannunta duk bororo ya fashe, ta naɗe shi da tsumma. Sai a lokacin na gane wanda ya shuka layin nan mai karkata.

Ta ɗago ta gan ni. Muka tsaya muna kallon juna. Sai ta ce, "Ciyawar nan wurin ta fi laushi. Saniya ta fi sonta."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Na gyara goyona na duƙa na fara cire ciyawa da hannu. Tun daga ranar kullum tare muke zuwa yankan ciyawar saniya. Ba mu taɓa kiran abin da muke yi da sunansa ba. Baffa ya sani, don ba yaro ba ne, amma in mun dawo sai ya ce, "Sannunku, saniyar nan tana ba ku wahala."

Marka ta kankama kamar ta bana. Ɗakin Inna ya fara yoyo, muka jera ƙore a ƙasa. Itace ya jiƙe, hayaƙi kawai yake yi, idanunmu kullum jawur. Amma gero ya yi bununi ya fara ido, kuma na gayaunar ya riga na gandu nuna, don shi ba a sake shuka shi ba, ya sha farin ya rayu.

Wata ranar kasuwar Gwarzo da hantsi, wata mai tallan daddawa ta fake a gidanmu. Cikin hira ta ce ai wani soja ɗan wajen Masanawa ya zo gida jinyar hannu, ya warke, yau zai hau motar Kano bayan azahar ya koma, mutane na ta zuwa tasha suna tambayarsa 'yan'uwansu. Na dubi Inna. Ko gezau ba ta yi ba, tambayar matar ma ta yi nawa take sayar da daddawar. Mazan unguwa duk sun tafi gonakin nesa, Baffa ko bayan gida sai da sanda. Matar na fita Inna ta shiga ɗaki ta jima, ta fito da ƙwaryar nono, nonon da bai kai a kai shi kasuwa ba.

Ta ce, "'Yar Gammo, goyo yaron nan ki raka ni. Yau kaina na sarawa, kada in faɗi a hanya."

Yau in za a je Gwarzo babur ake hawa, kafin ka gyara zama an kai. A ranar da ƙafa muka tafi, cikin yayyafi, laka na kama ƙafa tana tsotsa. Na lulluɓe yaron da buhu. Rafin da ke hanya ya kawo, ruwan ja, ya kai mana cinya. Inna ta riƙe ƙwarya da hannu ɗaya, ta damƙe damtsena da ɗayan, muka haye. Cikinmu babu komai sai ruwan tafasar safe, amma matar da ta ce kanta na sarawa, ni ce nake haɗawa da gudu kafin in cim mata.

A hanya ta gaya mini dabararta, ko da yake ba ta kira ta dabara ba. Ta ce in mun isa za mu biya ta rumfar Malam Sule mai gishiri, abokin Baffa, mu gaishe shi. Na gane. Shi ya san sunan, shi zai je ya yi tambayar, mu mu tsaya daga nesa mu ji. Muka isa muka tarar da rumfar a rufe da tabarma. Maƙwabcinsa ya ce ruwa ya hana shi fitowa yau. Muka zaga kasuwar, rabinta babu kowa, ba mu ga ko mutum ɗaya daga wajenmu ba. Ana haka aka kira azahar.

A tasha muka sami sojan zaune a kan benci a ƙarƙashin wata rumfar kwano, mutane sun kewaye shi. Yaro ne, bai fi maigidana ba, ya rame, idanunsa sun faɗa. Kowa na faɗin sunan nasa, shi kuma yana cewa bai sani ba, bai sani ba, wannan ya taɓa ji. Motar katako na tsaye ana ɗaure kaya. Da mutane suka ragu, Inna ta tura ni gaba da gwiwar hannu.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Maigidana nake tambaya. Daga Madadi ya tafi, bayan cirar gyaɗa."

Ya karkato da kansa. "Ɗaga murya, ƙanwata, kunnen nan ya mutu, ɗayan ma saura kaɗan. Wa kike tambaya?"

"Maigidana."

"Yaya sunansa?"

Na ce, "Sunan limaminmu ne da shi."

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya ce, "Ina na san limaminku? Mu dubbai ne a can. Ki faɗi suna."

Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, amma ga uwarsa a tsaye a bayana, ga maza, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na waiwaya na dubi Inna, ita kuma tana kallon ƙasa, ruwa na ɗiga daga gefen ƙwaryarta. Direba ya tayar da mota. Sojan ya miƙe ya rataya jakarsa, ya ce mu yi haƙuri.

Ya yi taku biyu ke nan na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa. Bai ji ba, ya ci gaba da tafiya. Sai Inna ta sauke ƙwaryar a cikin laka, ta sha gabansa, ta kama hannun rigarsa. Zan faɗi abin da ta ce, don bakinta nake ara, ba nawa ba.

"Hamidu," ta ce. Ya kawo kunnensa. Ta ɗaga murya har masu ɗaurin kaya suka juyo. "Hamidu. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Ya tsaya yana tunani. "Hamidu. Wani baƙi, kakkaura?"

"A'a. Fari ne, siriri. Yana da tabon wuta a bayan kunnen hagu, tun yana rarrafe ya faɗa kan murhu. Ɗan yatsansa na ƙafar dama ya hau kan ɗan'uwansa. In zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ba ya cin yaji, in ya ci sai shaƙuwa."

Ni da nake matarsa ban san da zancen ɗan yatsan ba. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gabana ba, ita ce ke lissafa shi tun daga kai har ƙafa.

Sojan ya ce, "Na san shi. Ba rundunarmu ɗaya ba, amma jirgi ɗaya ya haye da mu kogi. Mai shaƙuwa, har tsokanarsa ake yi. Kafin a harbe ni na gan shi da ƙafafunsa, wajen farkon bazara. Bayan nan ban sani ba, Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Inda aka tura su wurin da zafi."

Farkon bazara, ga shi muna ƙarshen marka. Abin da muka samu ke nan. Inna ta gyaɗa kai. Ta ce, "Suna samun abinci?"

"Wata rana a samu."

Ta kwance gefen zaninta ta fito da wani ƙunshi. Tumu ne, zangarniyar farko da ta nuna a gayauna, ta gasa ta murje, ban san lokacin da ta yi ba. A gidan da yara ke kwana da yunwa ta ɓoye shi. Ta miƙa masa.

Ya ce, "Inna, da wuya fa in gan shi."

Ta ce, "In ba ka gan shi ba ka ci. Kai ma wata ce ta haife ka."

Ya karɓa da hannu biyu, ya hau mota. Muka tsaya har ta ɓace. Nonon ya riga ya kife a laka, Inna ta ɗauki ƙwaryar ta ɗauraye a ruwan da ke zuba daga kwano. Muka kamo hanyar gida har muka sake haye rafi. A nan ta zauna a kan wani dutse, ta rufe fuska da gefen mayafi. Na juya baya ina jijjiga yaro, don kada ta ga na gani. Da ta tashi ta ce, "'Yar Gammo, abin da kika ji a tasha, ki bar shi a tasha."

Na ce, "To, Inna." Ban sake tunanin aika wa babana ba.

Aka yi girbi. Geron gayauna ta ɗaure shi daban, ta sa aka jera dammunan a wani ɗan rumbu aka liƙe. Wata damina ta zo, muka sake zuwa yankan ciyawar saniya, ba labari. Sai bayan da aka ce yaƙi ya ƙare, wata rana da la'asar muka ji unguwa ta ɗauki guɗa. Ya shigo yana ɗingishi, da tarin da bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Gida ya cika, Baffa na kuka kamar yaro. Ya ratsa mutane ya je ya durƙusa a inda Inna ke sheƙar dawa, ya ce, "Inna, na dawo."

Ta juya masa baya, ta ci gaba da sheƙa. Ta ce wa ƙanwarsa, "A kai wa wancan ruwa."

Sojan Masanawa bai sake haɗuwa da shi ba, tumun bai kai gare shi ba. Da aka buɗe masa ɗan rumbun ya ɗauka aikin maƙwabta ne, har ya bi gida-gida yana godiya, su kuma suka karɓa don ba su san me za su ce ba. Muka yi shekaru. Ya san al'ada, bai taɓa ƙorafi ba. Sau ɗaya ne kawai, yana gyaran ƙotar fartanya, ya ce da ni cikin dariya, hannu a baki, "Ni kam da can na mutu, Inna sai dai ta ce wancan bai dawo ba." Dariyar ba ta kai ido ba. Na ji zafin maganar, amma an ce in bar ta a tasha.

Inna ta rasu ya riga ya fara furfura. Ranar sadakar uku da hantsi, mutane sun ɗan ragu, na same shi zaune shi kaɗai a ƙofar ɗakinta, idonsa a bushe, yana jujjuya tsohuwar gorar kaɗa nononta. Na ga mai alkawarin ta tafi, shi kuma ga shi zaune da abin da ya ɗauka gaskiya ne. Na zauna daga gefe na gaya masa duka: layin shuka mai karkata, bororon hannu, rafi, rumfar Malam Sule, tumu, har ɗan yatsan ƙafa. Bai katse ni ba. Da na kai wurin da ta sha gaban sojan, sai ya ajiye gorar.

Ya ce, "Ta faɗa? Da bakinta?"

"Da bakinta. Duk tasha sun ji."

Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya ta faɗe shi? Ban taɓa ji ba. Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na haifa masa 'ya'ya, na aurar da wasu, ban taɓa kama sunan nan ba. Na ja mayafi na rufe fuskata, na nemo muryar Inna, yadda ta ja tsakiyar sunan irin na tsofaffin Fulani, na faɗa masa.

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara.